Falona ya lotsa bayan damina ɗaya: siminti ne ko ciko?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na gina gida ta hanyar Batsari a nan Katsina, muka tare da rani. Tun ruwan watan Agusta tayil ɗin falo ya fara amo kamar ganga in an taka, yanzu tsakiyar falon ta lotsa, bangon da ya raba shi da ɗakin yara kuma ya tsage. Birkila ya rantse cikon ya zauna, don tanka biyu na ruwa aka juye masa aka bar shi sati biyu kafin a zuba kankare. Shi siminti yake zargi. Wallahi ba na iya barci, ina tsoron ginin ya rufto wa iyalina. Mu tashi ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, ka fita ka zagaya gidan ta waje tukuna. In bangayen waje lafiya suke, ƙofofi da tagogi na buɗewa ba gardama, to ga dukkan alamu harsashin ginin na nan daram. Cikon da ke ƙarƙashin daɓen ne ya nutse, bangon tsakiya kuma da yake a kan daɓen aka ɗora shi, ya bi shi. Amma in ka ga tsaga a bangon waje tana hawa a karkace tana bin layin bulo kamar matakala, ko ta kai faɗin da yatsa zai shiga, ko bangon ya fara karkata, ka kwashe iyali daga wannan ɓangaren a ranar. Ko ma yaya ne, yara su bar kwana jikin bangon da ya tsage. Ka ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, ka rubuta kwanan wata, ka riƙa dubawa duk Juma'a.

Siminti kuwa a bar shi ya huta. Mai laifin shi ne tankar nan biyu da birkila ke tinƙaho da su.

Wannan al'ada ta “a ba shi ruwa ya zauna” ta zama ruwan dare a wuraren gini daga Katsina har Daura, kuma ta ci daɓe ba adadi. Ƙasa abu uku ce a haɗe: ƙwayoyinta, da ruwa, da iskar da ke tsakanin ƙwayoyin. Danne ciko ba komai ba ne illa korar iskar nan da ƙarfin duka, har ƙwayoyin su matsu da juna. Ruwa kaɗan yana sa su santsi su shige juna. Da ya yi yawa sai ya mamaye guraben da ake son rufewa, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa, ko tirela ka ɗora masa. Rana ta fito, saman ya bushe ya yi ɓawo mai tauri kamar inci 4, birkila ya buga ƙafa ya ce ya yi. Ƙasan kuwa taɓo ne. In ya bushe daga baya, duk inda ruwa ya zauna ya zama rami. Damina ta dawo, danshi ya ratso, ƙasar ta yi laushi ta rufta cikin ramukan, kankaren ya rage a rataye ba abin da ke tallafe da shi. Amon gangar da kake ji ke nan.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne dabarar takan ɗan yi aiki a kan rairayi tsantsa, irin na rafi, domin ruwa na tsiyayewa ta cikinsa nan take. Amma jar ƙasa da burjin da tifa ke kawowa suna da yumɓu a ciki, shi kuwa yumɓu in ya sha ruwa ba ya saki da wuri. In dai gaskiya ake so, dalilin al'adar ba ilimi ba ne, gudun kuɗin hayar inji da na lebura ne. Abin haushi, iyayenmu mata da ba su shiga ajin injiniya ba sun fi mu sanin wannan: in za a yi daɓe, yayyafa ruwa ake yi, a bi da madaɓi ana duka har ƙasa ta yi sheƙi, a shafe da makuba. Ba a taɓa jin wadda ta malale ɗaki da ruwa ta koma gindin bishiya tana jira ya daɓu da kansa ba.

A ɗakin gwaji ma haka abin yake. Gwajin da wani injiniya mai suna Proctor ya fito da shi a Amurka a 1933 duka ne. A tsarin Birtaniya na gwajin: a zuba ƙasa a gwangwani mai cin lita 1, hawa 3, kowane hawa a sakar masa guduma mai kilo 2.5 daga tsayin milimita 300 sau 27, a maimaita da ruwa daban-daban. Nauyin busasshiyar ƙasar yana ta ƙaruwa har ya kai ƙololuwa, daga nan duk ruwan da aka ƙara raguwa yake jawowa. A wurin aiki ana neman ciko ya kai aƙalla kashi 95 cikin 100 na wannan ƙololuwa. In babu ɗakin gwaji kusa, damƙi ƙasar a tafin hannu. Ta dunƙule, ba ta jiƙa maka hannu ba, ka sake ta daga ƙugu ta fashe gida uku ko huɗu, to ruwanta ya yi daidai. Ta wargaje kamar gari, ta bushe da yawa. Ta faɗi ta baje a manne, ruwan ya wuce ƙima, a baza ta ta sha iska.

Gyaran ba shafe tsaga da sabon tayil ba ne. A samo injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ba wanda ya sayi hular kwano a kasuwa ba, ya sa a fasa daɓen a inda ya fi lotsawa a ga abin da ke ciki. A haƙa ramin gwaji mai zurfin mita 1.5 zuwa 2 a gefen gidan, domin a Katsina filaye da dama tsofaffin kududdufai ne da aka cike da shara. In diga ta fara fito da leda da toka da baƙar ƙasa mai wari, maganar ta wuce ta daɓe, ta koma ta harsashi. In ƙasar asali ce mai kyau, a kwashe tsohon cikon, a mayar da burji mai tsakuwa hawa-hawa: a baza inci 8, a yayyafa ruwa, a bi da injin daɓe har ya koma kamar inci 6 kuma takalmi ya daina barin sawu. Ciko mai tsayin bulo huɗu hawa 6 ke nan, ba juyi ɗaya ba. Kusurwoyi da jikin bango, inda inji ba ya kai wa, a bi su da madaɓin ƙarfe. Sai a shimfiɗa leda mai kauri, a zuba kankare inci 6 da ragar rodi. Bangon tsakiya a rushe shi a yi masa nasa harsashin.

Kafin ruwan baɗi ya sauka, a gwada bututun banɗaki da na kicin ko suna yoyo a ƙarƙashin daɓe, a kuma zagaye gidan da kankare mai faɗin mita 1 da ke gangarawa waje, don ruwan indararo ya daina zuba a gindin bango.