Tambaya da Amsa: Fim Marar Sauti da Jarumin Yaƙin Sunƙuru

Tambaya: Malam, na ji an ce tun zamanin da fina-finai ba su da sauti an taɓa shirya fim a ƙasar Chile a kan wani jarumin yaƙin sunƙuru da ya addabi Turawan Sifaniya. Shin wane ne shi, kuma yaya za a isar da labarin gwagwarmayar neman 'yanci ba tare da an ji muryar kowa ba?

Amsa: Abin da kika ji gaskiya ne, 'yar'uwa. Sunan fim ɗin El Húsar de la Muerte, wato Barden Mutuwa, an kuma fara nuna shi a birnin Santiyago a watan Nuwamba na shekarar 1925. Pedro Sienna ne ya ba da umarni, shi ne kuma ya fito a matsayin jarumin, Manuel Rodríguez.

Shi Rodríguez an haife shi a 1785, lauya ne ma kafin guguwar neman 'yanci ta ɗebe shi. Bayan sojojin Sifaniya sun murƙushe 'yan kishin ƙasa a Rancagua a 1814, waɗanda suka tsira sun tsallaka duwatsun Andes zuwa Mendoza ta ƙasar Ajantina, inda Janar José de San Martín yake haɗa rundunar da za ta ƙwato Chile. Aikin da aka ɗora wa Rodríguez shi ne ya koma gida a ɓoye, ya yi leƙen asiri, ya baza jita-jita, ya riƙa kai hare-hare nan da can domin Gwamna Marcó del Pont ya rarraba sojojinsa ya rasa ta inda za a ɓullo masa. Dabarar ta ci, domin a watan Fabrairun 1817 rundunar San Martín ta sauko daga duwatsu ta yi nasara a Chacabuco.

Amsar kashi na biyu na tambayarki tana cikin irin makamin da mutumin ya shahara da shi, wato ɓad da kama. Mutanen Chile suna ba da labarin yadda yakan yi shigar limamin coci, ko ɗan talla, ko bawan gida, ya ratsa tsakiyar maƙiya ba su gane shi ba. Wanda ya fi yawo a bakin jama'a shi ne cewa wata rana ya yi shigar tsumma, ya buɗe wa gwamnan ƙofar keken dokinsa, gwamnan da ya sa ladan kuɗi a kansa ya miƙa masa sadaka. Ki duba wannan da kyau: babu inda ake bukatar magana a ciki. Ɗan kallo ya san wanda ke ƙarƙashin tsumman, gwamna bai sani ba, kuma daga wannan tazarar ne dariya da fargaba suke fitowa. A ganina, da wuya a sami jarumin da ya dace da fim marar sauti kamar wanda ƙarfinsa yake cikin yaudarar ido. Abin da ya rage sai a cike shi da motsin jiki, da sukuwar dawakai, da 'yan rubuce-rubucen da akan saka tsakanin fitowa da fitowa, ga kuma makaɗi a zauren kallo yana bin labarin da kiɗa.

Sai dai kada ki ɗauki fim ɗin a matsayin littafin tarihi, domin ya fi bin Rodríguez na bakin talakawa fiye da na takardu. Sunan fim ɗin ma ya samo asali ne daga rundunar mahaya da Rodríguez ya kafa a 1818 bayan kashin da 'yan kishin ƙasa suka sha a Cancha Rayada, alhali yawancin abin da ya ba shi suna ya faru kafin nan. Ƙarshen Rodríguez kuwa ba a hannun Sifaniyawa ya zo ba. Saɓani ya shiga tsakaninsa da sabuwar gwamnatin Bernardo O'Higgins, aka kama shi, kuma a ranar 26 ga Mayu, 1818, sojojin da ke rakiyarsa suka kashe shi kusa da Tiltil, yana da shekara 33.

Shi kansa fim ɗin da ƙyar ya sha, domin mafi yawan fina-finan Chile na wancan zamani sun salwanta, kasancewar faifan da ake ɗaukar hoto a kansa a lokacin yana saurin ruɓewa da kama wuta. A farkon shekarun 1960 Sergio Bravo na Jami'ar Chile ya gyara kwafin da aka samu, Sergio Ortega ya tsara masa kiɗa, sannan a 1998 gwamnatin ƙasar ta sanya shi cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta kare.