Hukuncin amfani da kalmar "trifecta" da aka aro daga cacar tseren dawaki

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan jarida ne, ina rubuta sharhin siyasar duniya da Turanci. Bayan zaɓen Amurka na 2024 na rubuta cewa jam'iyyar Republican ta samu "trifecta", ina nufin ta haɗa fadar shugaban ƙasa da majalisar dattawa da ta wakilai. Sai wani abokin aikina ya ce in yi istigfari, wai kalmar ta 'yan caca ce, mai faɗarta kuma yana tallata haram. Shin na yi zunubi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ba ka yi zunubi ba. Amma abokinka bai yi ƙarya a kan asalin kalmar ba, don haka bari mu raba abin da yake haram da wanda ba shi ba.

A filayen sukuwa na Amurka kalmar ta fito, wajen farkon shekarun 1970. Mutum zai zuba kuɗi ya ce doki kaza zai zo na ɗaya, kaza na biyu, kaza na uku, a jere babu sauyi. Ana tara kuɗin kowa wuri guda, masu fili da hukuma su yanki nasu, ragowar a raba wa waɗanda suka canka daidai. Da yake cankar tana da wuya, rabon yakan yi tsoka, kuma tsokar nan daga aljihun dubban da suka sha ƙasa aka yanko ta. Faransawa suna da irinta tun 1954, suna ce mata "tiercé", 'yan uwanmu na Nijar sun san ta a shagunan cacar dawaki na PMU. Wannan maisir ne tsantsa, wato caca, wanda Allah ya jera shi da giya da gumaka a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ya ce ƙazanta ne daga aikin Shaiɗan. Babu saɓani a nan.

Shi kansa tseren ba laifi ba ne. Abdullahi bin Umar ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sa an yi tseren horarrun dawaki a Madina daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Har kyauta shari'a ta yarda a sa a tseren doki da raƙumi da harbin kibiya. Sai dai dubi yadda Imam Malik ya toshe ƙofar caca, kamar yadda ya zo a Risala: in ɗaya daga masu tseren ne ya sa kyautar, kuma shi ya yi nasara, ba za ta koma hannunsa ba, ta mai bi masa ce, in su biyu ne kacal, 'yan kallo su cinye. To ina ga wanda bai taɓa riƙe linzami ba, yana zaune da takarda yana jiran kuɗin wasu?

Yanzu ga batun lafazi. Hujja mafi ƙarfi da abokinka zai iya riƙewa ita ce hanin da Annabi (SAW) ya yi a kira inabi da sunan "al-karm", domin Larabawa sun ba shi sunan ne suna yabon giya, wai tana sa kyauta da karamci. Akwai kuma faɗinsa cewa wanda ya ce wa abokinsa "zo mu yi caca" to ya yi sadaka. Lallai harshe ba a sake yake ba. Amma ka lura da dalilin hanin. Na farko suna ne da ke ƙawata haram a zuciya, kuma malamai irin su Imam Nawawi sun ɗauke shi a kan karhanci. Na biyu gayyata ce ƙarara zuwa ga aikin. Kai kuwa da ka rubuta kalmarka, wa ka gayyata, me ka ƙawata? Mai karanta ka majalisa ya gani, ba doki ba. Turawa kansu yau suna faɗar ta ga duk abu uku da suka taru wa mutum, na alheri ko na tsiya, da yawansu ba su san inda ta fito ba. Fiƙihu yana duba manufa da ma'anar da al'ada ta tsayar, ba tsohon tarihin lafazi ba.

Larabcin malamanmu ma bai kuɓuta daga irin wannan aro ba. 'Yan Jahiliyya suna caca da kibau goma a kan naman raƙumi. Uku ba su da komai, bakwai suna da rabo, mafi girmansu shi ne "al-mu'alla", mai kaso bakwai. Musulunci ya kashe cacar, amma sai ga littattafan tarihin malamai suna yabon babban malami da cewa yana da "al-ƙidhul mu'alla" a ilimi, wato waccan kibiya mai rabo mafi girma. Masu tsoron Allah ne suka rubuta haka, masu tsoron Allah suka karanta, ba a ce su tuba ba.

Inda hukuncin zai juya shi ne in ka yi amfani da ita a ma'anarta ta asali don taimakon aikin: ka rubuta wa kamfanin caca talla, ko ka buɗe shafi kana ba mutane sunayen dawakin da za su zuba wa kuɗi. Wannan taimakekeniya ce a kan saɓo, ladan aikin ma haram ne. Ba da labari ko bayani don a gane, kamar yadda na yi a sama, bai shiga ciki ba.

Shawara kuma, ba hukunci ba: ran da za ka yi sharhin da Hausa, ka ce jam'iyya ɗaya ta kama fada da majalisu biyu, ya wadatar. Abokin naka kuma ka gode masa da kishinsa, ka tuna masa a hankali cewa haramta abu sai da dalili, kamar yadda halatta shi yake.

Wallahu a'alam.