Tambayoyinku kan fasaha: haɗa na'urar gano kifi a jikin kwale-kwale

Tambaya daga Yauri: Na sayi na'urar gano kifi mai GPS, ƙirar Garmin Striker 4, don kamun kifi a tafkin Kainji. Yaron da ke yi mini gyara ya ce a yanke ɗan fis ɗin da ke jikin jar wayar, a murɗa ta kai tsaye a kan batir, wai fis ɗin ado ne kawai. Shin in bi shawararsa?

Malam, kada ka bi. Duk wanda ya ce maka fis ado ne, karɓe fulayarsa ka ajiye har sai ya bar bakin ruwa. Na'urar tana aiki da batir mai bolt 12, kuma abin da take ja bai kai rabin amfiya ba, amma shi batirin, idan jar waya ta goge ta taɓa baƙa, yana iya tura wuta mai yawan da za ta narkar da robar wayar cikin daƙiƙoƙi. Ka tuna cewa a kwale-kwale jarkar fetur tana nan kusa da ƙafarka, kuma babu inda za ka tsere sai cikin ruwa. Fis mai amfiya 3 shi ne zai tsinke kafin hakan ta faru, shi ya sa ake sa shi a kan jar waya daf da batir, don ya tsare tsawon wayar gaba ɗaya. Idan ya ƙone, a nemo dalili sannan a sa irinsa. Masu naɗa masa zaren waya ko takardar kwalin taba don ya ci gaba da aiki sun fi wanda ya yanke shi ban haushi, domin su sun san aikinsa sarai.

Murɗa waya a naɗe da leda ma ba haɗi ba ne. Damshi zai shiga, tagullar ta yi kore, na'urar ta riƙa ɗaukewa, ka zo kana cewa an sayar maka da jabu. A sa kan waya mai zobe, a matse, a ɗaure da noti, a shafa ɗan giris. Ni kullum ina ba da shawarar a ware mata ƙaramin batir nata, irin mai amfiya-awa 7 da ake sa wa UPS (na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke), a saka shi cikin akwatin roba mai murfi. Zai wuni da kai, kuma ya raba ka da layukan da wutar inji ke zanawa a kan allo.

Tambaya daga Baga: Kwale-kwalena na katako ne. Zan iya manna tiransdusa, wato ɓangaren na'urar da ke aika sauti cikin ruwa, daga ciki don kada ciyawa ta fizge shi?

A'a. Sautin da yake aikawa ba ya ratsa katako. Wannan dabara ta jirgin faiba ce. Ɗaure shi a jikin sanda a gefe, ka ɗaga idan ka shiga ciyawa.

Tambaya daga Tiga: Ina tsaye na'urar tana nuna zurfi daidai, da na ba inji wuta sai lambar ta ɓace.

Kumfa ce ke bi ta ƙarƙashin tiransdusa, kuma sauti ba ya wuce iska ya dawo. Matsar da shi nesa da farfela da kamar santimita 40, yawanci ta ɓangaren dama, ka sauke shi kaɗan ƙasa da gindin jirgin, fuskarsa tana kallon ƙasa sak. Idan wayarsa ta yi tsawo, naɗe ragowar ka ɗaure nesa da wayoyin inji, amma kada ka yanke ta ka sake haɗawa.

Tambaya daga Lokoja: Wane layi ya fi dacewa in sa mata, kuma data nawa take ci?

Ba ta da ramin SIM, Alhaji. Daga tauraron ɗan'adam take karɓar wurin da kake, kyauta, muddin tana ganin sararin sama. Kuɗin datar ka sayi fis biyu na ajiya da su.