Yini Ɗaya a Marsay: Me Zan Gani?

Tambaya: Malam, ni ƴar kasuwa ce a Maradi. Ɗana ya biya mini tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa, wanda zai tsaya yini ɗaya a Marsay ta Faransa. Ina ya kamata in fara zuwa?

Amsa: Hajiya, Allah ya yi wa ɗan nan albarka. Manyan jirage suna tsayawa nesa da tsakiyar gari, don haka ki fito da sassafe ki hau motar da za ta kai ki tsohuwar tashar ruwa, Vieux-Port, inda masunta ke sayar da kifi da safe. Daga nan bas mai lamba 60 tana hawa tudun majami'ar Notre-Dame de la Garde, inda ake hango gari da teku gaba ɗaya.

Tun da ke ƴar kasuwa ce, ni dai unguwar Noailles na fi so miki, domin akwai kayan yaji, dabino da abincin halal, kuma Faransancinki ya ishe ki ciniki. Ki tuna yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ki kuma riƙe jakarki da kyau a cikin cunkoso. Ki koma tasha da wuri, domin jirgi ba ya jiran wanda ya makara.