Tambaya da Amsa: Ganyen Koriyanda da 'Ya'yansa

Tambaya: Idan girki ya buƙaci ganyen koriyanda ban samu ba, zan iya zuba garin 'ya'yansa a madadinsa?

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Tsiro ɗaya ne, amma a tukunya kowa da aikinsa. Ƙamshin ganyen ba ya jure wuta. Minti biyar cikin miya mai tafasa, ya bi tururi ya tafi, ya bar miki baƙin ganye lagwab. Sai kin sauke tukunya za ki yayyanka shi ki watsa a kai. Siraran karan kuwa kada ki zubar, sun fi ganyen jure zafi. Ki yanka su ƙanana ki soya tare da albasa. 'Ya'yan su ne masu shiga da wuri, domin ƙamshinsu mai kama da na ɓawon lemo sai ya ji wuta yake fitowa sosai.

Tambaya: Duk lokacin da na soya 'ya'yan na daka, sai abinci ya yi ɗaci. Ina matsalar take?

Amsa: Ƙonewa suke yi. Ki ɗora busasshen kasko, babu mai, a kan matsakaiciyar wuta, ki zuba su kina jujjuyawa minti 2 zuwa 3. Da sun ɗan yi ja ƙamshi ya taso, juye su a faranti nan take. Nan ne da yawa ke kuskure: sun kashe wuta sun bar su a kasko, shi kuwa zafinsa bai daina aiki ba. Bari su huce kafin ki daka. Cokalin shayi 1 zuwa 2 ya ishi abincin mutum huɗu. Ki riƙa daka kaɗan-kaɗan, don garin yana salancewa cikin 'yan watanni, alhali 'ya'yan da ba a daka ba suna kai shekara a rufaffiyar kwalba.

Tambaya: Kwana biyu a firij ganyen ya narke. Yaya zan adana shi?

Amsa: Danshi ne ke ruɓar da shi. Kada ki wanke sai za ki yi amfani da shi. Datse gindin, ki tsoma karan a kofi mai ruwa kaɗan, ki rufa leda sako-sako, ki riƙa canza ruwan bayan kwana biyu. Zai kai mako guda, har fiye. Busar da shi kam asara ce.

Tambaya: Maigidana ya ce ɗanɗanon sabulu yake ji a ganyen.

Amsa: Ba tsirfa ba ce, gado ne. Wasu mutane haka hancinsu yake jin sinadaran aldehaid da ke cikin ganyen. Ki ajiye shi a gefe, mai so ya ɗiba. 'Ya'yan galibi ba sa damun irinsu.