Kaset ɗin da ya faɗi ƙasa, kada ka mayar da shi cikin inji tukuna

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka: an damƙa maka na'urar ajiyar kaset ta LTO-8 (kaset ɗin da ake adana kwafin bayanan kwamfuta a kansa) a wurin aikinka, kaset ɗaya ya kuɓuce maka ya faɗi, kuma kana son sanin ko za ka iya mayar da shi, da yadda ake kula da sauran. Na daɗe a wannan aikin, bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Wancan da ya faɗi, ka ware shi gefe. Ka tura 'yar ƙofar da ke gefensa a hankali ka leƙa. Za ka ga wani ɗan siririn ƙarfe a tsaye, maƙale sama da ƙasa. Shi ne injin da ke karanta kaset ke kamawa ya jawo zaren, domin kaset ɗin LTO ƙwaryar naɗe zare ɗaya gare shi, ɗayar tana cikin inji. Faɗuwa takan goce da ƙarfen nan daga mazauninsa. Na taɓa yin gaggawa na tura irin wannan, injin ya kama shi a karkace, zaren ya naɗe a ciki. Sai da aka kwance injin, muka kwana uku ba mu ɗauki kwafin komai ba. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake yi. Idan ƙarfen na nan daidai kuma jikin bai tsage ba, ka kwashe bayanan zuwa sabon kaset, shi kuma ka yi masa ritaya. Zaren LTO-8 ya kai mita 960, kuma gefensa in ya ɗan lanƙwashe ba ka gani da ido, sai ranar da kake neman fayil.

A sanina, kaset ba ya cika lalacewa a cikin na'ura. A hannunmu yake lalacewa, tsakanin mota da ɗakin saba, wato ɗakin manyan kwamfutoci. Masu ƙera shi sun ce in an daɗe ana ajiye shi, zafi ya tsaya tsakanin digiri 16 zuwa 25, danshi kuma kashi 20 zuwa 50. To ka duba kaset ɗin da ya wuni a but ɗin mota a watan Afrilu, aka shigo da shi ɗaki mai sanyin AC. Irin wannan sauyin zafi farat ɗaya ba ya yi wa zaren kyau. Ka bar shi cikin robarsa awa 24 a ɗakin kafin ya shiga inji, ko da oga na tsaye a kanka. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Kada a buɗe kwali a ɗakin na'urar, kada firinta ta zauna kusa, kuma ƙofar na'urar ta kasance a rufe. Wajen ajiya ka jera su a tsaye kamar littattafai, kowane cikin robarsa.

Maganar lamba nake so ka riƙe da kyau. Hannun da ke yawo cikin na'urar yana ɗauko kaset ya sa a inji bai san kaset ba sai da lambar nan mai zane-zane: haruffa shida, sannan L8 a ƙarshe. Ka manna ta cikin ɗan ramin da aka tanada, ka danne gefunanta da babban yatsa. Kada ka ɗora sabuwa kan tsohuwa, kada ka liƙa wata takarda a saman kaset ko ƙasansa. Takarda ɗaya da ta ɗago ta isa ta maƙale hannun da tsakar dare.

Kaset ɗin gogewa, wato na tsabtace inji, mai lambar da ta fara da CLN, sau 50 yake aiki. Ka bari injin ya nema da kansa, yawan gogewa ba gata ba ne. Kuma don Allah kada wani ya ce zai share LTO da na'urar maganaɗisu don a sake amfani da shi. Akwai layukan da aka rubuta tun daga masana'anta waɗanda injin ke bi wajen karatu da rubutu, in suka goge kaset ya mutu ke nan.

Duk wanda zai fita zuwa ajiyar waje, ka tura jan makullin nan na hana rubutu. In kun kunna ɓoye bayanai da mabuɗin sirri, wanda LTO ke da shi tun daga LTO-4, mabuɗin ya zauna a wani wuri dabam, don in ya ɓata babu mai buɗe maka.

Wani abu da ya taɓa cin mutane da yawa: injin LTO-8 yana karanta LTO-7 ne kawai a baya, ba ya karanta LTO-6. In kuna da tsofaffi a kabad, kada ku rabu da tsohon injin sai kun kwashe su.

Ni dai duk wata nakan zaro kaset ɗaya ba tare da zaɓe ba, in dawo da fayil daga cikinsa in buɗe in gani. Ka fara da wannan makon. In ka leƙa ƙarfen nan ka ga ya goce, ɗauki hotonsa ka turo nan, in nuna maka yadda ake mayar da shi.