Ka fara da ramukan ƙasan jirgin, famfon wanka ya jira

Wa alaikumus salam ƙanina. Na ga tambayarka tun jiya, cewa wani Alhaji da kake yi wa aikin famfo a nan Zariya ya sayi tsohon jirgin ruwan shaƙatawa mai inji a Legas, yana so ka je ka sabunta masa bututu da banɗaki da tankuna. Kana tambaya ko ɗaya ne da aikin gida, kuma nawa za ka caje shi. Na ga wasu sun ce maka ai famfo famfo ne. Ni dai na daɗe ina wannan aikin a bakin ruwan Ikoyi da Apapa kafin in dawo gida Tudun Wada, kuma ban yarda da su ba.

A gida idan haɗi ya yi yoyo, bango ne zai jiƙe, ka rufe ruwa daga tanki, gobe ka dawo. A jirgi kuwa akwai bututun da bakinsu ɗaya yake buɗe a cikin ruwan da jirgin ke zaune a kai, kuma wannan ruwan ba mai rufe maka shi. Saboda haka duk abin da Alhaji zai fara nuna maka, wato kan famfon da ya yi tsatsa da shawar da ba ta zuba, ka ce masa to, amma su ne na ƙarshe.

Abin farko, a ciro jirgin daga ruwa a ɗora shi a tudu. Ka zagaye ƙasansa ka ƙirga kowane rami: na ruwan sanyaya inji, na janareta, na AC, wanda masai ke jan ruwa da shi, wanda yake fitar da ƙazanta, na kwatamin wanke hannu. Sannan ka shiga ciki da tocila ka nemo bawul ɗin kowane ɗaya. Idan ka ƙirga tara a waje ka samu takwas a ciki, kada ka tashi sai ka gano na taran, don sau da yawa wani tsohon mai jirgin ya rufe shi da katako ko kabad. Kowane bawul ka murɗa hannunsa. Ya kamata ya rufe da kwatan juyi ɗaya. Idan irin mai kan sitiyari ne da muke sakawa a tankin sama, cire shi, domin ba ka iya gane a buɗe yake ko a rufe da ido, kuma sandar cikinsa kan ruɓe kana ta juyawa ba abin da ke motsi.

Sai maganar ƙarfen kansa, kuma a nan ne kayanmu na kasuwar Sabon Gari ba za su yi maka ba, komai kyansu. Yawancin bawul da haɗin da muke sayarwa buras ne, wato jan ƙarfe gauraye da zinki. Ruwan gishiri yana tsotse zinkin ya bar jan ƙarfen fanko. Ka kankare jikinsa da bakin wuƙa: in ka ga ruwan zinare, da sauran rai, in ka ga ja-ja mai ruwan hoda, ya mutu ko da a ido lafiyarsa ƙalau. Na taɓa ganin irinsa a wani jirgi, wani yaro ya ja tiyo kaɗan don ya duba, wuyan bawul ɗin ya marmashe a hannunsa kamar ƙuli-ƙuli. Allah ya taimaka jirgin yana tudu a ranar. Abin da ake sakawa ƙasa da iyakar ruwa, wato layin da ruwa ke kaiwa a jikin jirgin, shi ne buronz, jan ƙarfe gauraye da kuza, ko robar musamman mai ƙarfi da aka yi don jirgi. Kuma ka kula da tiredi. Jirgin da aka ƙera a Amurka yana zuwa da tiredi irin NPT da NPS, na Turai da BSP irin wanda muka saba. Za su kama juna juyi biyu ko uku ka ɗauka sun zauna, alhali ba su zauna ba, kuma farin tef ba ya gyara wannan.

Bututun PVC mai tauri da gam, bar shi a gida. Jirgi yana girgiza, jikinsa yana ɗan lanƙwasa a kan igiyar ruwa, haɗin gam kuwa tsagewa yake yi. Tiyo mai zare ko waya a ciki ake amfani da shi, kowane aiki da irin nasa. Duk tiyon da ke ƙasa da iyakar ruwa kilif biyu ake ɗaure shi da su, na sitenles 316, har da sukurun. Ina riƙe ɗan maganaɗisu a aljihu, in ya manne da sukurun da ƙarfi sai in mayar wa mai shago kayansa. Kusa da kowane bawul ka ɗaure ɗan turken katako mai tsini daidai girman ramin, don in abu ya ɓalle a tsakiyar ruwa a buga shi.

Masai shi ne zai fi cinye maka lokaci. Fitsari da ruwan gishiri in sun haɗu suna yin dutse a cikin tiyo, sai ka yanka tiyon milimita 38 ka tarar ramin da ya rage bai fi ɗan yatsa ba. Kada ka ɓata lokaci wajen fasa shi, canza tiyon gaba ɗaya. Warin da ke cikin tsofaffin jirage ma galibi ba yoyo ba ne, tiyon ne ya tsufa wari ke ratsa jikinsa. Ka jiƙa tsumma da ruwan zafi ka naɗe tiyon, ya huce ka sansana. In tsumman ya ɗauki wari ka samu mai laifi. Abin da ya fi wari haɗari shi ne masan da ke zaune ƙasa da iyakar ruwa. Dole tiyonsa ya hau sama da iyakar ruwa sosai ya lanƙwasa kamar baka, da ɗan bawul na shan iska a ƙololuwar, kafin ya sauko. In babu wannan, tiyon zai riƙa zuƙo ruwa da kansa yadda ake zuƙo fetur daga tanki, ya cika masan ya malala cikin dare ba kowa a jirgin. Haka ma tankin ƙazanta, ka tabbata bututun numfashinsa bai toshe ba.

Famfon kwashe ruwan da ke taruwa a can ƙasan ciki, kada ka yarda da lambar da aka rubuta a kwalinsa. An auna ta ne ba tare da tura ruwa sama ba, in ka haɗa doguwar tiyo da tudu ƙarfinsa zai ragu sosai. Ni biyu nake sakawa, ƙarami a ƙasa, babba sama da shi kaɗan, kowanne da makunnin da ruwa ke ɗagawa, kuma wayarsu kai tsaye daga batir da fis ɗinta, yadda ko an kashe babban makunni suna aiki. Ka gwada su da bokitin ruwa, ba da ɗaga makunnin da hannu kawai ba. Rariyar da ke tace ruwan inji kuma ka sa ta inda hannu ke kaiwa cikin sauƙi, domin ruwan Legas cike yake da leda da kainuwa, za a riƙa buɗe ta kullum.

Ruwan sha shi ne mai sauƙi, nan ne aikinka na gida zai yi maka rana. Wanke tanki, ja bututun PEX na roba mai lanƙwasuwa, sa famfo mai bolt 12 ko 24 gwargwadon batirin jirgin. In ka ji famfon yana tashi shi kaɗai ba wanda ya buɗe ruwa, akwai yoyo a wani wuri.

Wuta kuwa ka nemi mai aikin lantarkin jirgi ku yi tare. Jirgin Amurka an shirya shi ne a kan bolt 120, tamu kuwa 230 ce, in aka jona kai tsaye hita da caja sun tafi. Wayar gida mai tauri ba ta jure girgiza. Ka kuma duba guntayen zinki da ake ɗaurawa a sandar farfela don tsatsa ta ci su maimakon ta ci ƙarfen jirgi. In rabi ya cinye a canza, kuma ba a shafa musu fenti. Gishirin tafkin Legas yana ƙaruwa da rani ya ragu da damina, shi ya sa na fi son guntayen alminiyam a kan na zinki a can.

Batun kuɗi, kada ka yanka farashi daga Zariya ko da Alhaji ya matsa. Ya biya kuɗin mota da masauki da na dubawa daban, ka gani da idonka, ka rubuta masa komai da hotuna, ya sayi kaya da kansa tunda da yawa sai an yi odarsu daga waje, kai kuma ka karɓi na aikin hannu kashi-kashi. Kafin nan ka tambaye shi shekarar ƙirar jirgin, ƙasar da aka yi shi, da ko injinsa na dizal ne ko na fetur, ka turo mana nan. In na fetur ne akwai ƙarin magana, don tururin fetur a ƙasan jirgi yake kwanciya, kuma ba kowane famfon lantarki ake sakawa a ɗakin injinsa ba.